An kai babur ɗina furiyer a kan tarar da aka ci wani tun 2022

Mutari Garin Malam: Assalamu alaikum jama'ar gida, don Allah wanda ya san kan abin nan ya taimaka mini da shawara. Bara bayan babbar salla na sayi babur Haojue na hannu wajen wani yaro, jaka 310, muka yi takardar ciniki da shaidu biyu, na ce ina karti giriz, wato takardar rajistar babur ɗin, ya ce ta ɓace mishi lokacin da suka tashi daga gidan haya amma zai hiddo wata, ya ba ni fotokopi. Da fotokopin nan nake ta yawo ba wanda ya taɓa ce mini kanzil, sai shekaranjiya aka yi kontorol aka tare ni aka ce fotokopi ba takarda ba ce, aka ɗora babur a mota sai furiyer, wurin da hukuma ke tsare abin hawan da aka kama. Da na bi sawu wani ma'aikaci ya duba lamba ya jawo wani tsohon kwali, sai ga karti giriz ɗin babur ɗin nan ta asali a ciki an maƙala mata takardar kontrabansiyo, wato ta tara, tun 2022. Ashe ba ɓacewa ta yi ba, karɓe ta aka yi a hannun yaron bai koma ya biya ba. Yanzu an ce in biya tsohuwar tara, in biya tawa ta yawo ba takarda, in biya kuɗin kwanan furiyer wanda kullum ƙaruwa yake yi. Yaron lambarsa ba ta shiga. Ni da babur ɗin nan nake aje yara lakwal in wuce shago Kasuwar Dole. Wai dole ne in biya tarar wani?

Lawali Kabu-kabu: Wa alaikumus salam. Kai Mutari sannu, wallahi wannan wasan an yi ma mutane da yawa shi cikinmu. Duk wanda ya ce maka karti giriz ta ɓace ga fotokopi, to ka fara zargin tana kwance a wani biro.

Nana Hadiza: Innalillahi, Allah ya fitar da kai yaya Mutari. Mutane ba tsoron Allah wallahi

Ɗan Kara-Kara: Malam kar ka wahalar da kanka, nemi wanda ya san wani a ciki ka ba shi na shayi a hiddo maka abinka kafin magariba. Duk wannan lissahin da suka yi maka buɗe ciniki ne, haka ake yi tun kafin a haife mu.

Baba Ilu Direba: Ɗana Mutari, kar ka bi maganar yaron nan na sama. Ni tun ana tahiya Agadas kan turɓaya nake tuƙi, na ga irin wannan ba iyaka. In ka ba da na shayi za a ba ka babur, e, amma takardar 2022 tana nan cikin kwali ba a kashe ta ba, karti giriz ma tana nan, gobe in aka canza ma'aikata wani sabo ya tare ka sai ka sake biya. Duk dalar da za ta hita aljihunka a ba ka resi mai lamba da hatimi, wanda aka yage daga littahi kana gani. Kuma ka yi sauri, don a cikin abubuwa ukun da suka lissaha maka guda ɗaya ne ke girma, kuɗin kwana. Tara tana nan yadda take, shi ko kwana ba ya jiran kowa.

Ɗan Kara-Kara: Baba da girmanka, resin nan shi zai kai mishi yara lakwal gobe da safe?

Baba Ilu Direba: Shi zai hana a sake ɗauke babur ɗin jibi.

Nasiru Ɗan Fakulte: Salam. Bari in ɗan sa baki tunda doka na karanta a jami'ar Abdu Mumuni, ko da yake ni ba aboka ba ne kar wani ya ce Nasiru ya ce. Abu na farko, tara hukunci ce, hukunci kuma kan wanda ya yi laifi yake sauka ba kan ƙarfe ba. In an rubuta ma mutum kontrabansiyo don ba ya da hular kwano ko ya ƙetare danja ko ya bi hannun da aka hana, wannan laifinsa ne shi kaɗai, ba ya bin babur zuwa gidan wanda ya saya. Don haka Mutari abu na farko da za ka roƙa shi ne a nuna maka takardar ka karanta da idonka, sunan wa ke kai, wace rana, wane laifi aka rubuta. Abu na biyu shi ne lokaci. Kundin tsarin shari'ar laifuka na ƙasarmu Nijar, wanda aka kafa tun 1961 ana ta yi mishi gyara, ya sa wa'adi ga bin laifi: babban laifi shekara 10, deli wato matsakaicin laifi shekara 3, kontrabansiyo wato ƙaramin laifi shekara 1. Ma'ana in shekara ta cika cur ba a yi wani motsi na bin maganar ba, ba sammaci ba bincike ba a miƙa ta kotu ba, to hurumin bin ta ya faɗi. Amma a kula, duk wani motsi na hukuma a kan dosiyen yana sa lissafin ya koma farko, kuma ba kowane laifin hanya ne kontrabansiyo ba, wanda ya buge mutum ya gudu misali wannan deli ne, lissafinsa daban. Shi ya sa na ce a fara karanta takardar kafin a yi gardama.

Lawali Kabu-kabu: Nasiru wai kana nufin in an karɓe mini takarda in ɓace shekara guda shi ke nan na sha? To ai mun samu dabara

Nasiru Ɗan Fakulte: Haba Lawali. Shekara gudan da za ka yi kana yawo ba takarda fa? Duk ranar da aka tare ka sabon laifi ne fil, sabuwar tara, ga furiyer. Ka guje ma jaka kaɗan ka faɗa ma masu yawa. Kuma takardarka ba za ta taso da ƙafarta ta zo gida ba.

Hajiya Ramatu: Nasiru ɗana duk abin da ka faɗi ban musa ba, amma ka taɓa tsayawa gaban teburin nan kana ce ma mai kaki wa'adi ya wuce? Ni na san Mutari tun yana ƙarami, ba mai baki ba ne, in ya je ya fara jawo 1961 sai a ce ya dawo Litinin, Litinin a ce mai mabuɗi ya fita, babur na can rana na dukansa ana ƙirga kwana. A ƙarshe ya ci gardama ya biya kuɗin kwana ninkin tarar. Ni dai a ganina ya biya duka a ba shi resi, sannan mu riƙe resin mu tafi gidan su yaron, ai ba daga sama ya faɗo ba yana da uwa da uba a garin nan.

Nasiru Ɗan Fakulte: Hajiya ban ce ya je ya yi musu da na bakin ƙofa ba. Na bakin ƙofa ba shi da ikon yafe komai ko da yana so, aikinsa ya karɓa ya rubuta. Wanda ake nema shi ne shugaban sashen kula da hanya ko komisar da kansa, a nemi ganinsa cikin ladabi, a ce ranka ya daɗe ga takardar cinikina ga ranar da na saya, ga ranar da aka ci tarar nan, lokacin ban ma san babur ɗin ba. Tawa na yarda zan biya yanzu, kuɗin kwana zan biya, wannan ta ukun ce nake roƙon a duba. Ba faɗa ba ɗaga murya. Yawancin manyan nan sun fi mu sanin dokar.

Hajiya Ramatu: To in haka ne ya tafi da babba, kar ya je shi kaɗai

Habu Liyon: Ina gaida mutanen gida. Ni dariya ma abin ya ba ni, ba don Mutari ba, don yadda a gida tara ke kwanciya cikin kwali tana barci shekara da shekaru. Nan Faransa yawanci ba mai karɓe maka takarda a kan tara, wasiƙa kawai za ta iske ka gida. Laifi irin na ƙetare danja Yuro 135 ne, in ka yi sauri a rage maka zuwa 90, in ka bari kwana 45 suka wuce ba ka biya ba ba ka yi ƙorafi ba sai ta koma 375. Ka ci gaba da yin kunnen ƙashi sai baitulmali ta sa hannu cikin asusunka na banki ko albashinka ta cire abinta, banki ma ya ci nashi kuɗin wahala a kanka. Amma abin da ya shafi maganar Mutari shi ne, suna iya toshe karti giriz ɗin motar ta yadda ba za ka iya sayar da ita a juya suna ba sai ka biya, kuma duk mai sayar da mota ta hannu dole ya ba mai saye wata takarda sabuwa da ke nuna ba wani toshi a kanta, a intanet ake cire ta kyauta. Da akwai irin wannan a gida da yaron nan bai samu ƙofar yin ƙarya ba.

Kyari Birni: Yuro 375 nawa ke nan a kuɗinmu?

Habu Liyon: Yuro ɗaya sefa 656 ne in an cika, ka ga ya kusa jaka 246

Kyari Birni: Subhanallahi, kuɗin babur sukutum. A bar mu da kwalinmu

Bello Tanut: Kyari ai kai ko jaki ba ka da shi bare a ci ka tara, Babarbare me ya haɗa shi da karti giriz

Kyari Birni: Ji Bafillace, wanda shanunsa suka fi kowa sanin hanyar furiyer. Nawa ka biya bara da suka shiga gonar mutane?

Bello Tanut: Wannan sirrin gida ne bawana. Amma da gaske Mutari, mu da muka saba da furiyer ta dabbobi mun san abu guda, abin da aka kai aka daɗe ba a zo nema ba ƙarshensa gwanjo ne. Ban ce yau ko gobe ba amma kar ka yi fushi ka ce ka bar musu, akwai masu yin haka su dawo daga baya suna kuka.

Admin: Jama'a a yi wasa amma kar maganar Mutari ta nutse. Kuma don Allah kar wanda ya sa sunan yaron ko hotonsa ko lambarsa a nan, na goge guda yanzu. Ba kotu muke ba.

Malam Zabairu: Assalamu alaikum. Ta fuskar addini maganar a fili take. Wanda ya sayar da kaya ya san da aibi a ciki ya ɓoye ya yi algus, kuma Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Babur da takardarsa ke tsare a hannun hukuma ai aibi ne babba, don da Mutari ya sani ko dai ya fasa ko ya rage kuɗi. Malamanmu na Malikiyya sun ba mai saye zaɓi in ya gano aibin da aka ɓoye mishi, yana iya mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa. To ka ga ko ta nan ma nauyin yana kan mai sayarwa. Shi kuma ɗan'uwanmu da ya kawo shawarar na shayi, ya ji tsoron Allah, an la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Tarar da doka ta sa a biya a karɓi resi wannan daban, wanda za a cusa a aljihu a rufe ido wannan daban.

Ɗan Kara-Kara: Malam Allah ya gafarta, ni ban ce halal ba ne, na faɗi abin da ke gudana ne kawai. Talaka da babur ɗinsa ke tsare ba fatawa yake nema ba

Malam Zabairu: Ai shi ya tambaya ko dole ne ya biya, ba ta ina zai zille ba.

Lawali Kabu-kabu: Ni abin da ke ci mini rai, me ya sa ba za a riƙa kiran mutane ba? Lamba tana jikin babur, suna yana jikin karti, yanzu kowa na da waya. Takardun mutane cike da kwali wasu masu su sun mutu ma, wasu sun je sun yi shelar ɓata sun hiddo sabuwa sun bar tsohuwar nan. Da ana sanarwa a rediyo ko a manna sunaye a allo duk wata uku, da rabin wannan rigima ba ta taso ba kuma kuɗin ya shiga baitulmali.

Nasiru Ɗan Fakulte: Lawali wannan na shelar ɓata da ka ambata kar kowa ya kuskura. Ka je gaban hukuma ka sa hannu cewa takarda ta ɓace alhali ka san inda take, ka tashi daga ƙaramin laifin hanya ka shiga laifin yi ma hukuma ƙarya, wannan ya fi tarar nauyi nesa ba kusa ba. Sabuwar dokar hanya tun 2014 aka yi ta, an kafa hukumar ANISER don kiyaye haɗurra, amma muddin rajistar tara tana kan takarda a biro daban daban ba a haɗe cikin kwamfuta ba, irin ta Mutari ba za ta ƙare ba.

Mutari Garin Malam: Na gode jama'a Allah ya bar zumunci. Na karanta duka. Gobe in Allah ya kai mu zan tafi da kawuna, tsohon malamin lakwal ne ya iya magana da su. Zan dawo in faɗa muku.

Baba Ilu Direba: Ka tahi da katinka na ɗan ƙasa, da permi, da lasiransi in kana da ita, da takardar cinikin ta asali. In da hali ɗaya cikin shaidun ya bi ku. Kuma ka tahi da sahe tun ba a cika ba.

Mutari Garin Malam: Lasiransi akwai Baba, da fotokopin na yi ta

Mutari Garin Malam: Salam, mun dawo. Maganar ta juya wani wajen da ban zata ba. Mun samu ganin babban, mutumin kirki wallahi, ya ba kawu kujera ya saurare mu har ƙarshe. Ya sa aka kawo takardar, laifin ɗaukar mutum biyu a baya ne ba hular kwano, sunan yaron ne a kai. Da kansa ya ce wannan ba taka ba ce ba mai tilasta maka biyan ta. Har na fara murna. Sai ya juya karti giriz ɗin ya ce to amma wane ne wannan? Jama'a sunan da ke kan karti ba na yaron ba ne, wani suna ne daban ban taɓa jin shi ba, a fotokopin da ke hannuna wurin ya yi baƙi ban taɓa lura ba. Ya ce shi ba zai miƙa karti ga wanda ba sunansa a kai ba, kuma takardar cinikinmu ba a kai ta an buga mata hatimi ba, rubutu ne kawai tsakaninmu, kuma wanda ya sa hannu a matsayin mai sayarwa ba shi ne mai babur a takarda ba. Ya ce ka kawo mai sunan nan ko takardar da ke nuna ya sayar ma yaron, in ba haka ba ni ban san ko na sata ba ne. Na biya tawa an ba ni resi. Babur yana nan.

Nana Hadiza: Ya salam. Daga tara an koma maganar sata

Nasiru Ɗan Fakulte: To ka ga wannan ita ce ainihin matsalar, tarar 2022 ƙaramin alhaki ce. Kuma gaskiyarsa ne, ko ni ne a kujerar haka zan yi, in ya ba ka gobe mai suna ya zo ya ce an sace mishi babur wa zai kama? Baburan garin nan da yawa haka suke, an sayar hannu uku hannu huɗu karti na ɗauke da sunan mutumin farko da ya hiddo shi daga shago, ba mai zuwa ya juya suna don ana ganin ɓata kuɗi ne. Ranar da aka yi hatsari ko aka yi ɓarna da babur ɗin, ƙofar mai suna ake ƙwanƙwasawa, ranar da aka kama shi kuma mai riƙe da shi ba ya da abin nunawa. Kowa na cikin haɗari, mai sayarwa da mai saye.

Ɗan Kara-Kara: Da ka bi tawa da yanzu kana kan babur ɗinka, ba wanda zai juya karti bare ya ga suna

Hajiya Ramatu: Kai dai Allah ya shirye ka. Da ya bi taka da yana yawo kan abin da bai san asalinsa ba har ranar da za a kama shi da shi a hanyar Matamai a ce ɓarawo ne. Mutari shaidun nan biyu su wane ne, ba ta wajensu ka san yaron ba?

Mutari Garin Malam: Ɗaya abokina ne, ɗayan makanike ne shi ya haɗa mu, Hajiya

Hajiya Ramatu: To makaniken nan ya ci la'ada ai, shi zai kai ku gidan. In ya noƙe ku je wajen mai unguwarsu. Kar ka je da zafi, kar ka ambaci sata, ka ce ma uban yaron taimako kuka zo nema. Dattijo in aka zo mishi ta girma ya fi jin nauyi.

Lawali Kabu-kabu: In makaniken bakin tasha ne ka yi mini magana ta gefe, duk na san su

Baba Ilu Direba: Kuma ka koma wajen babban nan ka shaida mishi kana kan neman mai suna, don ya san ba watsar da abin ka yi ba. Ka tambaye shi ko akwai sassauci kan kwanakin da za ka yi kana nema. Kuɗin furiyer na ma'aikatar magajin gari ne ba nashi ba, wataƙila ya ce ba hannunsa, amma tambaya ba ta ɓaci.

Kyari Birni: Baba yanzu ai ba magajin gari, tun 2024 da aka rushe majalisun sai wanda aka naɗa

Baba Ilu Direba: Ko wa ke zaune a kujerar, akwatin kuɗin dai yana nan inda yake.

Mutari Garin Malam: Alhamdulillahi jama'a babur ya fito. Lawali Allah ya saka, shi ya taso makaniken ya kai mu gidan. Yaron ba ya gari ya tafi haƙar zinariya arewa, can ba rezo shi ya sa waya ba ta shiga. Mai sunan da ke kan karti ashe yayansa ne uwa ɗaya uba ɗaya, yana Miriya yana aikin garka, shi ya sayi babur ɗin sabo ya bar ma ƙanen yana kabu-kabu da shi, bai ma san an karɓe karti ba, ya dai san an sayar don an kai mishi rabin kuɗin. Tsoho ubansu ya kira shi a gabanmu, washegari ya shigo mota ya zo da katinsa da resin shagon da ya saya. Muka sake sabuwar takardar ciniki da sunansa aka buga mata hatimi, muka je tare aka ba shi karti ya miƙo mini a gaban babban. Kuɗin kwana muka raba biyu da shi, ni ban ma nema ba shi ya ce. Ita kuma tsohuwar tarar, tsohon ya rantse sai ya biya, aka ce mishi Baba ba dole, ya ce shi ba zai bar sunan ɗansa cikin littafin hukuma da bashi ba yaro yana can cikin rami ba a san abin da Allah zai yi ba. Ya kwance bakin rawani ya biya aka yage mishi resi.

Nana Hadiza: Allah sarki tsoho, wallahi har na ji ƙwalla. Allah ya dawo mishi da ɗansa lafiya

Malam Zabairu: Amin. Allah ya yi ma dattijon nan albarka.

Nasiru Ɗan Fakulte: Barka Mutari. Ni dai har yanzu ina nan kan bakana, kuɗin nan da tsohon ya biya in ba a taɓa motsa dosiyen ba tun 2022 to doka ba ta bin shi ko dala. Ya biya don ransa ya kwanta, wannan nashi ne, amma kar a tashi daga nan da fahimtar cewa uba ke biyan tarar ɗa.

Hajiya Ramatu: Nasiru kai dai ba ka haihu ba tukuna

Nasiru Ɗan Fakulte: Hajiya na yi shiru. Amma Mutari kar ka tsaya nan, karti na hannunka amma har yanzu sunan mutumin Miriya ne a kai. Tunda yana kusa kuma yana da sauƙin kai, cikin satin nan ka kai dosiye ofishin sufuri na jiha a juya ta zuwa sunanka, sannan ka koma wajen masu lasiransi su gyara tasu takardar ta dace.

Ɗan Kara-Kara: Wani kuɗin kuma. Mutari duka duka nawa abin ya ci maka?

Mutari Garin Malam: Ban haɗa lissafi ba tukuna, har da kuɗin adaidaitar yara da na motar yayan da na mayar mishi. Nasiru me da me ake kaiwa wajen juya sunan?

Nasiru Ɗan Fakulte: Karti ta asali, takardar cinikin mai hatimi, fotokopin katinka da na mai sayarwa, sauran da kuɗin tambur su za su faɗa maka a gishe, ka je da babur ɗin don suna iya duba lambar shasi. Ka yi fotokopin komai kafin ka miƙa, kuma ka karɓi takardar shaidar ajiya da za ka riƙa nunawa a hanya kafin sabuwar ta fito.

Lawali Kabu-kabu: Ranar da za ka je ka kira ni mu tafi tare, nawa ma sunan wani Alhaji ne a kai tun 2019 kuma an ce mini ya rasu

Nasiru Ɗan Fakulte: Kai Lawali taka ta fi ta Mutari tsawo, sai an nemo magada da takardar gado. Buɗe mata wani zaren daban.